In haske kawai kake so, ƙyale inbata

1/ Da an ɗauke wuta sai mutum ya fara lissafin inbata, ya ji kuɗin, ya haƙura ya koma hasken waya. Ni dai gani nake wahalar da kanmu muke yi.

2/ Batir 12V ne, kuma akwai ƙwan LED mai 12V a kasuwa. Ka haɗa su, shi kenan. Inbata kuwa ko ba ka kunna komai ba tana shan batir.

3/ Ga lissafi: ƙwai huɗu masu wat 5, awa biyar, wat-awa 100 kenan. Batir mai 18Ah na riƙe 216, rabi za ka ci in kana so ya yi ƙarko. Ya isa. Sola mai wat 50 za ta cika shi a yini.

4/ Inda muke kwafsawa: jona sola da batir babu kwanturola. Ya cika ya ci gaba da sha har ya kumbura. Batirin mota ma kar ka fara, ba a yi shi don a riƙa tatse shi kullum ba.

5/ Kuma don Allah a sa fis kusa da batir. Wai "ai 12V ba ya ja". E, ba zai ja ka ba, amma wayoyin suka haɗu ja za su yi kamar garwashi, ga katifarka a gefe.