Wane Ne Zai Jarraba Jarrabawa?

Jama'a, akwai wani mudu da ake awon ƙwaƙwalwar 'ya'yan ƙasar nan da shi, kowa ya sallama masa, ba mai cewa a kai shi gaban sarkin kasuwa a duba ko gindinsa a lotse yake. Mudun nan shi ne jarrabawar bai-ɗaya, wato ta WAEC da ta NECO da ake yi a ƙarshen sakandare, da kuma uwa-uba ta JAMB, wadda in ba ta ɗaga maka sanda ba, ko ƙofar jami'a ba za ka leƙa ba. Ni dai yau na ɗauko shi, kuma a gaban 'yan'uwana ɗalibai zan kife shi mu ga abin da ke ciki.

Kada wani ya yi saurin cewa ga rago ya zo yana zagin jarrabawa. Na san dalilin kafa JAMB a 1978. Kafin nan kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, sai mutum ɗaya ya sami gurbi a wuri uku, wani kuwa ya rasa ko ɗaya. Na kuma san ranar da aka soke jarrabawa ɗungum, ɗan wane da ƙanen wane ne za su cika azuzuwa, ɗan talaka ya koma gona. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce wai tun da takarda iri ɗaya aka ba kowa, a rana ɗaya, to an yi adalci ke nan. In ka jera mai doki da mai jaki da mai tafiya a ƙasa ka ce su yi tsere daga Zariya zuwa Kano, hanya ɗaya ka ba su, amma tun ba a tashi ba kowa ya san wanda zai riga isa.

Mu dubi cikin takardar. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, maki 400. Sittin daga cikinsu na Turanci ne, kuma dole ne a kan kowa. Sauran darussa uku, in ka cire na harsuna, su ma da Turanci ake tambayarsu. Ashe ke nan yaron da ya zauna amsa lissafi ko kimiyya sau biyu ake jarraba shi, sai ya fara kokawa da harshen tambayar kafin ya kai ga ita kanta tambayar. Yaron da aka yi wa tawai da Turanci, yana kallon talabijin da shi, yana faɗa da ƙanensa da shi, kokawa ɗaya ce a gabansa. Abin dariya ma, ko da yake ba na dariya ba ne, wanda ya zo jami'a don ya karanta Hausa sai ya nuna kiredit ɗinsa na Turanci tukuna, in babu, ko ya fi kowa sanin karin waƙa da nahawu sai ya dakata a waje.

Daga 2015 kuma aka mayar da jarrabawar JAMB kacokan kan kwamfuta. An ce don a toshe satar amsa ne, kuma ban musa ya rage wani abu ba. To, amma yarinyar da ta fito daga makarantar da ko wutar lantarki babu, wadda ranar jarrabawa ce ranar da ta fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, me aka auna a kanta? Agogo na tafiya tana neman inda za ta danna. Ga kuɗin rajista, ga na mota zuwa garin da cibiya take, ga na lesin inda ake haddace tsofaffin tambayoyi, wanda duk aljihun uba ne ke ɗauka. Idan sakamako ya fito ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, lamba kawai za ka gani, sai a ce ga iyakar ƙwaƙwalwarta.

Shekarar 2025 ta isa ta sa kowa ya daina rantsuwa da wannan lamba. Ɗalibai kusan miliyan biyu suka zauna JAMB, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Nan da nan aka shiga wa'azin cewa yaran zamani ba sa karatu, waya ta lalata su. Da iyaye da ɗalibai suka matsa da ƙorafi, sai ga shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, a gaban 'yan jarida cikin watan Mayu yana hawaye yana neman gafara, ya ce matsalar na'ura ta ɓata sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Na yaba masa da ya fito ya faɗa, ba kowane babba ke iya wannan ba. A watan nan dai aka ga hotunan yara suna rubuta Turancin WAEC da dare da hasken tocila. A watan Agusta WAEC ta ce kashi 38 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen maki, kusan kashi 63 ne. Abin da ke damuna shi ne, waɗanda suka yi ƙara aka saurare su mutane ne masu murya. Yaron ƙauyenmu in na'ura ta cuce shi, sai dai ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya tafi neman kuɗin rajistar baɗi.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya, kuma shi ne ya shafi wannan ƙungiya tamu kai tsaye. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari, ya ce Turanci kaɗai za a yi amfani da shi, hujjarsa kuwa yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Haba jama'a! Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, yaushe ya girma har ya zauna WAEC ya faɗi? In kuwa ana nufin malamin da ke buɗe littafin Turanci ya yi ta yi wa yara ƙarin bayani da Hausa don ya ga ba su gane ba, wannan ai faci ne, ba koyarwa da harshen uwa ba, domin babu littafi, babu horon malami, babu jarrabawa da harshen. An ɗauki jarrabawar da aka rubuta da Turanci an mai da ita alƙali tsakanin Turanci da Hausa, kura ce aka ba shari'ar kura da akuya.

Alhali kuwa an taɓa gwada abin da gaske a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, aka rubuta musu littattafai, aka ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin.

Za a ce mini ai ana yi muku sassauci, tun da a tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya an ware kashi 20 cikin ɗari ga jihohin da aka ce suna baya a ilmi. Sassaucin nan ni ban ga abin godiya a cikinsa ba, don gori kawai yake jawo mana, makarantar ƙauye kuwa tana nan ba rufi ba malamin kimiyya. Abin da nake nema a ba yaro takarda da harsuna biyu, Turanci a gefe, Hausa ko Yarabanci ko Ibo a gefe, ya karanta wanda ya fi ganewa, darasin Turanci kuma ya tsaya a matsayinsa a ci shi ko a faɗi. Indiya na yin jarrabawar shiga makarantun likita da harsuna goma sha uku. In an ce Hausa ba ta da kalmomin kimiyya, to ga mu, ga malamanmu na sashen harsuna, ga 'yan'uwanmu na tsangayar kimiyya da ke zama da mu a ɗakin kwana ɗaya. Ina ba shugabannin wannan ƙungiya shawara a zauna a zangon karatun nan a fassara takardar lissafi da ta ilmin halittu ta shekara ɗaya, a kai wa ɗaliban aji shida na wata sakandaren karkara, rabi su amsa da Turanci rabi da Hausa, a buga abin da ya fito a wannan mujalla ko da bai yi mana daɗi ba.