Filin Kimiyya da Sana'a: Ba Kowane Baƙi Ne Ke Riƙe Zafin Rana Ba



Matan da ke turara shinkafa a Madekali da Malanbil sun fi kowa sanin tsadar itace, alhali ga rana tana ta zuba zafinta kyauta. Idan ta take tsaka, kowace mita ɗaya a murabba'i tana samun ƙarfin wat kusan 1,000.

Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da fahimtar haka. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda ya rasu a 1991, ya shugabanci hukumar ONERSOL ta Yamai, inda aka ƙera tukwanen girki da na'urorin ɗumama ruwa masu aiki da rana.

To, amma sirrin irin wannan na'ura yana jikin baƙin faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin gilashi. Fenti baƙi na kasuwa yana shanye kusan kashi 95 cikin ɗari na hasken rana, sai dai da faifan ya ɗau zafi, yakan mayar da zafin waje, tamkar randa mai yoyo. A 1955 wani masani a Isra'ila, Harry Tabor, ya nuna yadda za a yi shafe mai shan haske amma mai rowar sakin zafi. Yanzu masana'antu suna yin irinsa da ƙwayoyin ƙarfe ƙanana ƙwarai, waɗanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Shafen TiNOX na Jamus, alal misali, zafin da yake saki bai wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da baƙi na sosai ke saki ba.

Saboda haka mai busar da tumatir ko tattasai kada ya ɓata kuɗinsa, fenti ya ishe shi, domin ɗumi kaɗan yake bukata. Amma ƙungiyar mata ko asibitin da ke son ruwa mai zafi sosai, har a lokacin hunturu, su tambayi ɗan kasuwa irin shafen kafin su biya. In kuwa an saya, a riƙa share ƙurar gilashi, kada a kankare faifan, kada kuma a bari wani ya shafa masa fenti da sunan gyara. Yin haka ya mayar da na'ura mai tsada ta zama ta arha.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.