Guguwar Melissa: abin da shirin gida ke karewa, da abin da ya fi ƙarfinsa

A ranar Talata 28 ga watan Oktoban 2025 ne mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Melissa ta afka wa kudu maso yammacin tsibirin Jamaika, da iska mai gudun kilomita 295 a awa guda. Tun da aka fara rubuta tarihin yanayi a ƙasar ba a taɓa ganin mai ƙarfinta ba. Washegari ta ratsa gabashin Kuba, yayin da ruwan da ta janyo ya yi kwanaki yana zuba a kudancin Haiti. Jamaika ta rasa mutum sama da 40. Haiti ma ta rasa sama da 40, alhali tsakiyar guguwar ko taka ƙasarta ba ta yi ba. Kuba kuwa, wadda guguwar ta bi ta kanta kai tsaye, hukumominta sun ce ba a rasa rai ba.

Melissa ba ta zo da sammako ba. Cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miami a Amurka ta ba ta suna tun ranar 21 ga wata, mako guda cur kafin ta iso, kuma ta yi ta jan ƙafa a kan teku, wani lokaci tafiyarta ba ta kai ta mai tafiya a ƙasa ba. Kowa ya ji labari. Bambancin yana ga abin da kowane gida da kowace gwamnati suka iya yi da kwanakin da aka ba su.

Mu a nan ba mu da teku, amma wannan iska ba baƙuwarmu ba ce gaba ɗaya. Hadarin da ke tasowa daga gabas a lokacin damina, ya bi ta Chadi, ya ratsa Damagaram da Maraɗi da Yamai ya wuce Mali da Senegal, yana tafiya ne cikin wasu igiyoyin iska da ke ratsa Sahel duk bayan kwana uku zuwa biyar. In suka faɗa tekun Atlantika suka tarar da ruwa mai ɗumin da ya haura digiri 26, wasunsu sai su fara juyawa suna ƙara ƙarfi. Masana sun daɗe da lissafa cewa mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga irin waɗannan igiyoyi suke fitowa, kuma Melissa na cikinsu. Sai iskar ta kai kilomita 119 a awa ake kiranta mahaukaciyar guguwa, mataki na biyar kuma, wanda shi ne ƙoli, yana farawa daga kilomita 252.

Awa 48 kafin ta iso

A yankin Karibiyan da kudancin Amurka, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, kuma shirinta ilimi ne da yaro ke tashi da shi. Ana ba da gargaɗi iri biyu: na farko saura awa 48, na biyu saura awa 36. Tsakanin nan maigida ke da aikin yi, kuma rufi ne farkon abin dubawa. Iska mai ƙarfi ba tura kwano take yi ba kawai, tsotsarsa take yi sama. In ta samu ƙofa ko taga ta fashe ta shiga ɗaki, sai ta riƙa turo rufin daga ciki tana jansa daga waje, ya tashi gaba ɗaya kamar murfin tukunya. Shi ya sa ake buga allunan katako a kan tagogi, ake ƙara ƙusa a kwano, ake kuma ɗaure katakon rufi da bango da wasu ƴan maɗauran ƙarfe marasa tsada. Rufin da ya gangara ta ɓangarori huɗu ya fi jure iska a kan mai gangara biyu. Jihar Florida ta tsaurara dokokin gini bayan guguwar Andrew ta 1992, kuma tun daga lokacin ana ganin sababbin gidaje sun fi tsayawa a kan tsofaffi.

Akwai kuma abin da mutane ke yi don hankalinsu ya kwanta kawai. Manna salatif a gilashin taga, alal misali, ba ya hana shi fashewa, sai ma ya sa ya fashe manya-manya. Buɗe taga ɗaya wai don iska ta samu hanyar wucewa ma kuskure ne, ƙofa ce aka buɗe wa ɓarawo.

Bayan rufi sai tsakar gida. Kujera, bokiti, tukunyar fure, guntun kwano, duk abin da aka bari a waje zai zama makami. Ana sare rassan itatuwan da suka rufa a kan gida, ana yashe magudanan ruwa. Wannan aikin ma da haɗarinsa: mutum uku sun mutu a Jamaika tun guguwar ba ta iso ba, suna cikin aikin sare itatuwa.

Sai tanadi. Ƙa'idar da hukumomin agaji ke bayarwa ita ce ruwan sha kimanin lita huɗu ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana uku, wasu jihohin ma na cewa na mako guda. Abincin da ba ya buƙatar girki, maganin masu hawan jini da ciwon suga, tocila da batir, rediyo mai batir, tsabar kuɗi a hannu domin injinan banki na mutuwa tare da wuta, da takardun haihuwa da na gida a ƙulle cikin leda. Ana cika baho da duk wani mazubi da ruwan wanka da na ban ɗaki, a cika salula da caji, a rufe tukunyar gas.

Daren guguwa

Idan iskar ta kankama, shawarar ita ce a tattara iyali a ƙaramin ɗaki na tsakiyar gida wanda ba shi da taga, a ajiye katifa kusa don rufe kai in rufi ya tashi. Ba a kunna kyandir. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne idon guguwa, wato tsakiyarta. In ya biyo ta kan gari sai iska ta tsaya cak, har a ga sarari, mutum ya fito duba ɓarna. Cikin ƴan mintoci sai ɗaya gefen ya iso, iskar ta dawo daga ɓangaren da ba a zata ba, da ƙarfinta na farko.

To amma duk wannan shiri na iska ne, kuma ba iska ce ke kashe mafi yawan mutane ba. Wani nazari da aka yi a cibiyar Miami kan mace-macen guguwa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye ruwa ne ajalinsu, kusan rabi kuma tumbatsar teku ce, wato lokacin da iska ke turo ruwan teku ya hau kan gari. A gabar kudancin Jamaika an yi hasashen tumbatsar za ta kai mita huɗu. Babu allon katakon da ke tare wannan. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 60 kuma yana tafiya da mota. Saboda haka tambayar farko da maigida zai yi wa kansa ba ta shafi ƙusa ba: gidan nan a ina yake? In a bakin teku ne, ko bakin kogi, ko gindin tudu mai zaftarewa, shirin da ya rage shi ne a kulle ƙofa a tafi.

A nan ne Jamaika ta yi tuntuɓe. Gwamnati ta buɗe matsugunai sama da 800, ta kuma ba da umarnin dole a bar wasu garuruwan bakin teku irin su Port Royal. Amma a jajibirin guguwar waɗanda suka shiga matsugunan ba su taka kara sun karya ba. Wasu na tsoron ɓarayi su kwashe musu kaya, wasu sun taɓa kwana a irin waɗannan wurare ba su ji daɗi ba, wasu kuwa sun ga guguwoyi da dama sun wuce, suka ɗauka wannan ma haka za ta yi. Sai bayan rufi ya tashi ne dubbai suka kwarara. Firaminista Andrew Holness ya faɗa tun da wuri cewa babu ginin da ke yankin da zai iya jure guguwa mai mataki na biyar, kuma garin Black River ya gaskata shi: kusan duk rufin garin ya tafi, har da na asibiti. Kashi uku cikin huɗu na ƙasar ya kwana babu wuta.

Kuba talaka ce, wutar lantarkinta ma kafin guguwar ɗauke-ɗauke take yi, gidajen gabashinta kuma tsofaffi ne. Duk da haka ta kwashe mutum sama da 700,000 kafin Melissa ta iso. Wannan ba aikin mako guda ba ne. Tun bayan guguwar Flora ta 1963, wadda ta kashe sama da mutum dubu, ƙasar ta gina tsarin kare farar hula da ya sauka har unguwa. Ana atisaye kowace shekara kafin lokacin guguwa. An san gidan da ke da tsoho ko mai ciki, an san motar da za ta ɗauke su, an san inda za a kai su, kuma da yawa gidan dangi ko maƙwabci mai ginin siminti suke komawa. Gaskiya ne gwamnati ce da ba a yi mata musu, alƙalumanta ma babu jarida mai zaman kanta da za ta tantance su a cikin gida. Amma ko masu sukarta sun yarda cewa a wannan fanni ta yi zarra. Gidaje dubbai sun rushe, gonaki sun lalace, mutanen dai suna raye.

Haiti ita ce ɗaya gefen. A garin Petit-Goâve kogin La Digue ya cika ya fasa cikin unguwa, ya kashe mutum aƙalla 20, rabinsu yara. Ƙasa ce da ƴan daba suka riƙe mafi yawan babban birninta, mutum sama da miliyan guda sun bar gidajensu suna zaune a makarantu da tantuna. Wanda ke kwana ƙarƙashin tamfol, in ka ce masa ya buga katako a taga ya tanadi ruwan mako guda, ba'a kake yi masa. Irin haka aka gani a tsibirin Mayotte na Faransa a ranar 14 ga Disamban 2024, lokacin da guguwar Chido ta share unguwannin kwano. An yi gargaɗi, an buɗe matsugunai, amma baƙin haure da dama daga Komoros sun ƙi zuwa don tsoron kada a kama su a mayar da su gida. A New Orleans ma a 2005, lokacin Katrina, an ce kowa ya fita, aka manta da dubban da ba su da mota.

A ganinmu nan ne jerin shawarwarin da ake rabawa kowace shekara ke da giɓi. An rubuta su ne don mai gida nasa na kansa, mai mota, mai ɗan abin ajiya. Suna da amfani, suna kuma ceton rai. Amma suna ɗora wa iyali nauyin da rabinsa na hukuma ne: wurin zuwa mai tsabta da tsaro, motar kwasa, tabbacin cewa za a tsare unguwa in an bar ta, da hana gini a kan hanyar ruwa tun farko. Mai karatu a Maraɗi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Daminar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Damagaram. Da yawa ginin laka ne ya faɗa musu, wasu ruwa ya ci su. Ana jin sanarwar ma'aikatar hasashen yanayi a rediyo, amma wanda aka ce ya tashi daga bakin gulbi, ina aka ce ya je?

Wucewar iska ba ita ce ƙarshen haɗari ba, wannan kuma darasi ne da ake maimaitawa. Wayar wuta da ta faɗi cikin ruwa na kisa. Injin wuta, wato gurup, da aka kunna a ɗaki ko a zaure yana fitar da hayaƙi marar wari da ke kashe iyali cikin barci, kamar yadda ya faru a jihar Louisiana bayan guguwar Laura ta 2020. Shi ya sa ake cewa a ajiye shi a waje, mita shida daga ƙofa da taga. A Puerto Rico bayan guguwar Maria ta 2017, gwamnati ta fara cewa mutum 64 suka mutu, daga baya ta amince da 2,975, galibinsu marasa lafiya da tsofaffi da rashin wuta da magani ya ƙarasa cikin watannin da suka biyo. A Jamaika ma, makonni kaɗan bayan Melissa, ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar wata cuta da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata.

Abu guda da Jamaika ta yi da ya kamata ƙasashen da ke fama da bala'in yanayi su duba shi ne shirin aljihun gwamnati. Ta sayi wani irin inshora ta hannun Bankin Duniya, wanda ke biya kai tsaye in ƙarfin guguwa ya kai wani mizani, ba sai an jira ƙidayar ɓarna ba. Melissa ta kai mizanin, aka biya dala miliyan 150 na Amurka, kimanin sefa miliyar 85. Kuɗi ne masu yawa, sun kuma zo da wuri. Sai dai Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar da kusan dala miliyar 9, wato kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Gundumar St Elizabeth, rumbun abincin tsibirin, ba ta gama farfaɗowa daga guguwar Beryl ta Yulin 2024 ba aka sake kwantar da ita. Manoman can yanzu suna neman kwano da ƙusa, kuma ko za a sa maɗauran ƙarfe a sabon rufin ya danganta da wanda zai biya kuɗinsu kafin 1 ga Yuni mai zuwa.