Abin da «senza maiale» ba ta rufe ba

Alaƙar Adar da Italiya ta daɗe. Tun 1984 ma'aikatan Italiya suka zauna a Kaita, cikin babban aikin farfaɗo da ƙasar noma da gwamnatinsu ta ɗauki nauyi tare da hukumar FAO. Yau tafiyar ta juya: ɗalibi ko malami daga Tawa ne kan sami kansa a Roma ko Turin, da takardar jerin abinci a hannu. Jimlolin da ake haddace masa kafin tashi ba sa canzawa: buongiorno, per favore, grazie, il conto. Ladabi ne, ba laifi. Amma ga Musulmi ba nan haɗarin yake ba, kuma ya kamata a juya jerin.

Akan ƙara masa jimla ɗaya, senza maiale, wato ban da alade, a ɗauka an gama. Ba a gama ba. Italiyanci yana kiran naman alade da sunan abin da aka sarrafa, sunan dabbar kuwa ya ɓace: prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, mortadella, lardo. Mai kawo abinci na iya jin maiale ya tuna da tsokar nama kawai, ya amsa da zuciya ɗaya cewa babu, alhali taliyar carbonara da ta amatriciana da guanciale ake yin su, kumatun alade ke nan. Strutto, narkakken kitsen alade, ya fi su ɓuya, domin yana shiga har cikin ƙullin wasu burodi, irin piadina.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin Hausa. Kilishi, tsire, balangu, dambun nama: babu ɗaya da ya faɗi dabbar da aka yanka. A kasuwar Tawa ba a tambaya, don al'umma ta riga ta amsa. A Bolonya wannan amsar ba ta nan, dole baki ya nema.

Faransanci, wanda ɗalibin Nijar ke jingina da shi, yana taimakawa rabi da rabi. Vino da vin ƴan uwa ne, amma strutto bai yi kama da saindoux ba ko kaɗan. Wanda ya lanƙwasa porc ya ce porco zai ga an ɗaga gira, domin kalmar ta fi zama a bakin masu zagi. A jikin kwalin kanti kuma suino ake rubutawa. Akwai ma inda tsoron ya zama na banza: bar a Italiya wurin shan kofin safe ne, Ba'adare ya shiga ba kunya. Haka coperto da zai gani cikin lissafi, kuɗin zama ne a teburi, ba cuta aka yi masa ba.

Saboda haka ƙaramin ƙamus na Hausa da Italiyanci kai tsaye, ba ta hanyar Faransanci ba, aiki ne da ɗaliban ilimin harsuna za su iya, ko a Jami'ar Djibo Hamani ko a Yamai. Shafin farko ya fara da non mangio maiale, ba na cin alade, tambaya ta biyo baya da sunaye a jere: c'è pancetta, prosciutto o strutto? Sai ta giya, è cucinato con il vino?, tun da shinkafar risotto sau da yawa da farar giyar inabi ake soma dafa ta. Gaisuwa ta koma shafi na biyu.