GIRMAN TAYA BA SHI NE LAFIYAR BABUR BA

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Bompai da sassafe, sa'ad da ma'aikata ke shiga masana'antu, zai ga babura ba iyaka, su na ratsawa tsakanin manyan motocin kaya. Haka abin ya ke a Sharaɗa da Chalawa. Ko da ya ke Gwamnatin Jihar Kano ta hana acaɓa tun cikin 2013, har yanzu babur ne ke kai akawu ofis, ya kai malami makaranta. Saboda haka mu ka ga ya wajaba mu jawo hankalin masu karatunmu ga wata ɗabi'a mai haɗari.

Ɗabi'ar kuwa ita ce, in taya ta ƙare sai mutum ya sa a ɗaura masa wadda ta fi ta asali faɗi, wai don babur ya yi kwarjini, ya kuma ƙara kama ƙasa. To, wannan kuskure ne babba.

Kowace taya akwai lamba a gefenta. In an rubuta 2.75-17, ma'ana faɗinta inci biyu da rubu'i uku, wilin da za ta hau kuwa inci 17 ne. Babur ƙirar Bajaj Boxer 100, alal misali, da 2.75-17 ya ke zuwa a gaba, da 3.00-17 a baya. Maƙeransa ba da ka su ka zaɓi waɗannan lambobi ba, sai da su ka auna nauyinsa da faɗin wilinsa.

In aka cusa faffaɗar taya a kan siririn wili, sai wilin ya matse gefunanta, tsakiyarta ta yi tozo. Ta haka wurin da ke taɓa ƙasa ba ya ƙaruwa, wani lokaci ma raguwa ya ke yi, tsakiyar kuma ta cinye da wuri. In a gaba aka sa ta, kan babur zai yi nauyi, ya ƙi juyawa da sauri ran da rami ko mota su ka ɓullo ba zato. In kuwa ta fi ta asali tsawo, agogon gudun da ke aiki da wilin gaba zai nuna ƙasa da ainihin gudun da a ke yi. In a baya ne, ta kan gogi sarƙa ko ƙarfen babur, musamman in an yi goyo. Wadda ta kasa ƙa'ida ita ma ba ta tsira ba, gama kaya kan fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta fashe. Mai babur kuwa ba shi da bango sai jikinsa.

Akwai kuma batun shekaru. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal cikin 2007, na Dunlop ya bi baya a Ikko cikin 2008, tayoyin waje su ka cika kasuwa, masu kyau da marasa kyau. Yawancinsu su na ɗauke da lambobi huɗu masu nuna lokacin ƙira: 1223 na nufin mako na 12 cikin 2023. Roba ta na bushewa ko ba a hau ta ba, don haka tsohuwar taya mai sabuwar fuska ba abin amincewa ba ce. Araha dai ba ta ado.

Shawararmu ita ce, kowa ya duba lambar da ke cikin littafin baburinsa, ya sayi irinta, ya kuma riƙa auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Malaman ofis da na makaranta, ku Allah ya ba karatu. Nauyi ne a kanku ku karanta wa maƙwabci wannan lamba, ku fahimtar da mai faci na unguwa. Wanda ya sa takalmin da ya fi ƙafarsa, tuntuɓe na jiransa a gaba. Allah ya kiyashe mu, amin.