Batirin da ke cikin but ba irin na bonet ba ne: jan hankali ga masu motocin gudu da dillalanmu



A zaman sulhun da muka yi a ofishin ƙungiya watan jiya, an kawo mana wata ƙara da muka ɗauka ƙaramar magana ce, sai ga shi ta ci mana yini guda. Wani matashi ɗan ƙungiya mai sana'ar canji ya sayi motar gudu ƙirar Dodge Challenger, tokumbo, a hannun wani ɗan uwanmu dillalin motoci a nan Legas. Wata biyar da saye, ya fara jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai duk lokacin da ya daɗe a goslo da gilasai a rufe. Da riwaya ya ɗaga kafet ɗin but, sai aka tarar da farin gari ya lulluɓe kan batir, tsatsa ta ci ƙarfen da yake zaune a kai, ruwan batir kuma ya kai ga wayoyin akwatin fis da ke kusa.

Dillalin bai musa ba. Ya ce motar ta sauka daga jirgi batirinta a mace, ya aiki yaronsa Ladipo ya sayo na 75, aka ɗaura, mota ta tashi, shi ke nan. Bai yi nufin cuta ba, kuma mun yarda da shi. Amma batirin da aka sayo ya fi gurbinsa ƙanƙanta, ba a ɗaure shi ba, ƙaramar robar da ke fitar da iska waje kuma an bar ta tana lilo. An raba kuɗin gyara tsakaninsu, sun yi musabaha sun tafi. Mu kuma muka ga bai kamata maganar ta tsaya a ofis ba, domin motoci irin wannan suna ƙaruwa a hannun matasanmu, kuma da yawansu daga hannun dillalanmu suke fitowa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: duk motar da batirinta ke cikin but ko ƙarƙashin kujera, ko kusa da ƙwaƙwalwar mota, ba a saya mata batir da ido ko da araha. A saya mata wanda ba ya yoyo, daidai girman gurbinsa, a haɗa masa robar iska, a ɗaure shi. Wanda ya sayar da mota kuma ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ya saka a ciki.

Bari mu fara da abin da ke cikin batir, don da yawa daga cikinmu mun shekara ashirin muna tuƙi ba mu taɓa tambaya ba. Batirin mota na yau jikan wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro ne a 1859. Ɗakuna shida ne a ciki, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir mai lafiya yake nuna 12.6 a mita. A kowane ɗaki akwai faranti na dalma a jiƙe cikin ruwan da kusan kashi ɗaya bisa ukunsa asid ne mai ƙona fata, mai huda tufa, mai cin ƙarfe. Idan ana cajinsa, musamman idan cajin ya yi yawa, yana fitar da iskar haidurojin, wadda idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsi ya isa ta kama da wuta.

A Corolla ko Camry da yawancinmu muke hawa, batir yana cikin bonet. Iska na kaɗawa ta ko'ina, idan ya ɗan zubo ma za ka gani da wuri ka wanke. Masu ƙera motocin gudu kuwa sukan mayar da shi baya, saboda babban inji ya cinye wuri a gaba, kuma suna son nauyin mota ya rabu daidai tsakanin tayoyin gaba da na baya don ta riƙe hanya a kwana. Haka yake a Challenger da Charger, da Camaro na 2010 zuwa sama, da BMW da yawa, har da ƙaramar Mazda MX-5 ta farko da ta fito a 1989. A Mercedes ML350 na wajen 2006 zuwa 2011, wadda ta cika titunan Legas, batirin yana ƙarƙashin kujerar gaba ta fasinja. Ke nan batir yana ɗaki ɗaya da kai da iyalinka. Abin da ya fitar, ku za ku shaƙa, abin da ya zubar kuma a kan ƙarfe da wayoyin da ba ka gani zai zauna wata da watanni.

Ko a cikin bonet ɗin ma ba kowace mota ce ke yafe yoyo ba. Masu Chevrolet Corvette na 1997 zuwa 2004 a Amurka sun san wannan sarai, domin a motar kwamfutar inji da tarin wayoyi suna ƙasan mazaunin batir. Ɗigon asid kaɗan ya isa ya jawo gyaran da ya ninka kuɗin batir sau da yawa. Shi ya sa tambayar farko kafin saye ita ce: a ina batirin yake zaune, kuma me ke ƙarƙashinsa?

A kasuwa za ka tarar da iri uku da ake yawan cakuɗa su. Na farko shi ne tsohon yayi mai marafai shida da ake buɗewa a ƙara ruwa. Wannan ba shi da wurin zama a but ko ƙarƙashin kujera. Na biyu shi ne wanda masu shago ke ce wa rufaffe, mai ɗan ido kore a sama, wanda ba a ƙara masa ruwa. A nan ne ake yawan ruɗuwa. Rufaffe ne ta sama, amma a cikinsa ruwan asid ne tsundum, idan ka girgiza shi za ka ji motsinsa. Idan ya karkata, ko ya tsage, ko caji ya yi masa yawa, zai zubo. Wasu kamfanonin mota suna saka irinsa a but tun daga masana'anta, amma da sharaɗin yana da ɗan rami a gefe inda ake cusa robar da ke bi ta ƙasan mota ta fitar da iska waje, ɗaya ramin kuma a toshe shi.

Na uku shi ne mai tambarin AGM. A cikinsa an saka wani abu kamar auduga da aka yi da zaren gilashi tsakanin farantan, ya tsotse asid ɗin gaba ɗaya, don haka babu ruwa mai yawo da zai zuba ko da batirin ya kwanta a gefensa. Yawancin iskar da yake samarwa tana komawa ruwa a cikinsa, sai idan matsi ya yi yawa ne wani ɗan bawul yake buɗewa ya saki kaɗan. Farantansa a matse suke, shi ya sa ya fi jure girgiza, kuma duk wanda ya bi hanyar Apapa ko ta Agege da damina ya san girgiza ba baƙuwa ba ce a nan. Wannan shi muke ba da shawara ga motocin da muka ambata. Amma shi ma a haɗa masa robar iska idan motar tana da ita. Kada kuma a rikita shi da batirin jel na inbata da sola. Wancan an yi shi ne don ya ba da wuta kaɗan kaɗan na tsawon sa'o'i, tayar da babban inji ba aikinsa ba ne.

A zaman nan wani dattijonmu da ya daɗe a harkar mota ya kawo hujjoji uku, kuma ba za mu ɓoye su ba don suna da nauyi. Ya ce AGM tsada gare shi, yakan kai ninki biyu na gama-gari. Ya ce zafin ƙasarmu yana kashe kowane batir da wuri, to me ya sa mutum zai zuba kuɗi a abin da ba zai daɗe ba? Ya kuma ce kasuwa ta cika da jabu, takardar AGM ce kawai ake mannawa a kan batir mai ruwa.

Maganar tsada gaskiya ce, amma a auna ta da abin da ake karewa. Matashin nan abin da ya kashe wajen fanal bita da riwaya ya fi bambancin kuɗin batir biyun nesa ba kusa ba, ban da darajar motar da ta faɗi, don duk mai saye da ya ɗaga kafet ya ga walda zai rage farashi. Wanda ya iya sayen motar miliyoyi bai kamata batir ya zama inda zai yi tsimi ba. Araha ba ta ado.

Maganar zafi ma gaskiya ce, har ma AGM ya fi jin zafin inji, domin idan ya bushe babu hanyar ƙara masa ruwa. Shi ya sa ba mu ce kowa ya saya ba. Mai tasi da Corolla, ko mai bas da batirinsa ke wajen da iska ke shiga, ya ci gaba da sayen mai kyau na gama-gari, ba laifi. Amma but da ƙarƙashin kujera sun fi bonet sanyi, don haka a can AGM yake samun tsawon kwana. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne oltaneta mai ba da caji fiye da ƙima. Kafin a ɗaura sabo, a sa riwaya ya auna da inji a kunne: tsakanin 13.8 da 14.7 lafiya ne, idan yana haura 15 a gyara oltaneta tukuna, in ba haka ba sabon ma zai kumbura.

Maganar jabu kuwa ita ce ta fi damunmu, kuma maganinta shi ne a daina aiken yaro. Je ka da kanka ko ka tafi da riwayan da ka amince da shi. Girgiza batirin kusa da kunne, AGM na gaskiya ba ya motsin ruwa. Ɗaga shi, yakan fi ɗan uwansa mai girma ɗaya nauyi. Nemi ranar da aka ƙera shi a jikinsa, wanda ya wuce wata shida a shago ba tare da caji ba ya riga ya fara rauni. A sa mita a gabanka, sabon AGM mai cikakken caji yana nuna kusan 12.8. Karɓi rasit da garanti a rubuce, da sunan shago da lambar batir. Mai shagon da ya ƙi rubutawa, bar masa kayansa.

Sai batun girma. Mun saba cewa a ba ni na 62 ko na 75 ko na 100, amma wannan adadin yawan wutar da yake ajiyewa ne kawai. Motocin Turai da na Amurka da yawa suna amfani da lambobin girma irin su H6, H7 da H8, waɗanda ke nuna tsawo da faɗi da tsayi, da gefen da kan ja yake. Duba jikin tsohon batir ko littafin mota ka sayi daidai shi. Batirin da bai cika gurbinsa ba ba ya ɗauruwa, wanda bai ɗauru ba kuma duk rami sai ya buga, har ya tsage ko kansa ya sassauta. Igiyar roba da tsumma da ake cusawa a gefe ba ɗauri ba ne. Idan kuma motarka ta zo da AGM daga masana'anta, musamman mai kashe kanta a danja ta sake tashi, kada ka mayar da ita kan mai ruwa. Masu BMW na wajen 2006 zuwa sama su sani cewa bayan canza batir sai an sanar da kwamfutar motar da na'urar gwaji, in ba haka ba za ta ci gaba da caja sabon kamar tsoho.

Wajen cirewa a fara da baƙin kai, wajen mayarwa a ƙare da shi. Idan an tarar da farin gari ko jiƙa, a wanke da ruwan bekin soda, ko ruwan kanwa idan ita ce a kusa, a bar wurin ya bushe, a shafa fenti kafin a ɗora sabo. A sa safar hannu, a kare ido, kada kuma a kunna sigari a wurin.

Tsohon batir ɗin ma amana ne. 'Yan uwanmu da yawa suna sana'ar gwangwan, kuma mun sha ganin ana fasa batir ana tuttular da ruwansa a kwata don a rage nauyi, yara na wasa a gefe. Dalmar da ke ciki guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara. A mayar da tsohon batir ga mai shago a rufe yadda yake, yawancinsu ma suna rage kuɗin sabo idan ka kawo tsoho.

Kiranmu na ƙarshe ga dillalanmu ne. Abin da ya sa Bayarabe da Inyamuri suke tsallake wasu su zo wajen Bahaushe sayen mota ko canjin kuɗi shi ne sun yarda idan ya ce abu kaza ne, to kaza ne. Wannan suna iyayenmu ne suka gina shi a Agege da Idi Araba da Obalende shekaru da dama, kuma abu kaɗan ne ke zubar da shi. Idan ka saka batirin wucin gadi don mota ta tashi daga tashar jirgi, babu laifi, amma ka faɗa wa mai saye, ko ka canza shi ka ɗora kuɗin a kan farashi. Ku kuma matasa masu sha'awar motar gudu, kafin ku duba rim da sautin salansa, ku ɗaga kafet ɗin but ku ga abin da ke ƙasa.

Wanda yake da irin wannan mota, muna roƙonsa ya duba nasa a wannan makon, kada ya jira wari. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya sa albarka a kasuwancinmu.

Sakataren ƙungiya