Jiran Diyyar Rauni Ba Zaman Daɓaro Ba Ne

Abin takaici ne yadda matashi ma'aikaci a Dutsin-Ma ko Kurfi zai faɗo daga saman gini, ko inji ya cinye masa yatsu, ko ya yi haɗari a hanyarsa ta zuwa aiki, a cike masa takardar neman diyya, sai ya koma ɗaka ya naɗe hannu wai yana jiran ikon Allah. Alhali kuwa yarda da ƙaddara bai hana mutum bin haƙƙinsa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Ya kamata 'yan uwa su san cewa diyyar nan ba sadaka ba ce. Dokar diyyar ma'aikata ta shekarar 2010 ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, kuma ta hana a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Wanda rauni ya hana shi aiki gaba ɗaya har abada, dokar ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Amma fa ta sa wa'adi: ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigidan ya kai rahoto hukuma cikin kwana 7, takardar neman diyya kuma ta shiga cikin shekara ɗaya.

To, bayan takarda ta shiga me ya rage? Jami'in da zai yanke hukunci bai ga faɗuwar ba, bai ga jinin ba. Abin da ke cikin fayil kawai yake gani. Saboda haka aikin mai jira shi ne ya cika wannan fayil da hujja.

Da farko kada ya yanke zuwa asibiti. Da yawa sukan sulale su koma wajen maɗori, shi kuwa maɗori ko ya iya aikinsa ba ya ba da takardar da hukuma za ta karɓa. Ko a babban asibitin Dutsin-Ma ne, ko na Kurfi, ko an tura shi Katsina ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ya adana katinsa, da hoton ƙashi, da rasiɗin magani. Ya roƙi likita ya rubuta a fili abin da ba zai iya yi ba yanzu, kamar ɗaga bulo, tuƙi ko doguwar tsayuwa, domin gwargwadon abin da ya rasa na neman abinci ake auna diyya. In ciwon ya ƙaru, a kai sabon rahoto.

Na biyu, shaidu. Leburorin da suka ga abin yau, gobe suna Abuja ko Legas wajen cin rani. A rubuta sunayensu da bayaninsu tun ba su watse ba. In haɗarin mota ne, a nemi rahoton 'yan sanda.

Na uku, shaidar albashi: takardar ɗauka aiki, katin shaida da bayanin asusun banki. A kuma duba cewa sunan da ke katin asibiti shi ne ke kan lambar ɗan ƙasa da asusun banki, domin saɓanin suna ɗaya na iya riƙe fayil.

Na huɗu, kada ya miƙa wata takarda sai ya yi kwafi, kuma an buga masa hatimi da kwanan wata. Ya riƙa leƙa ofishin hukumar a Katsina, ya tabbatar maigidan ya kai nasa rahoton, ya rubuta ranar kowace ziyara. Ya kuma yi hattara da takardar sulhu da ake kawowa da 'yan canji a gefen gado. Dokar ba ta yarda a sa ma'aikaci ya yafe diyyarsa ba.

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce a ƙasar da fayil ke kwana a ofis. Jinkiri gaskiya ne, amma fayil mai giɓi shi ya fi sauƙin turawa gefe. Ko an ƙi biya ma, akwai damar neman hukumar ta sake dubawa cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma a can ma takardun nan su ne makami.

Mai karaya ba zai iya wannan zirga-zirga shi kaɗai ba. A nan ne nauyi ya hau kan matasa masu lafiya da karatu: wani ya karanta masa fom, wani ya goya shi zuwa asibiti, wani ya raka shi Katsina. Dubiya da addu'a abu ne mai kyau, amma a haɗa da wannan.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Wassalam.